Abin karantawa, kallo da saurare a ƙarshen mako: ayyuka daga Damagaram, Lugu da Marwa

Bahaushen Garwa, Njamena ko Kwatano ya fi sanin finafinan Kano a kan abin da ake shiryawa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, alhali yawancin masu karanta wannan shafi suna jin harsunan biyu. Ga wasu ayyuka daga wannan ɓangare da suka cancanci a ba su lokaci.

Na farko shi ne "Zinder", fim ɗin labarin gaskiya da Aïcha Macky, 'yar asalin Damagaram, ta fitar a 2021. Ta shiga da kyamara unguwar Kara-Kara, wadda a da can aka keɓe wa kutare, ta zauna da samarin ƙungiyoyin daba da ake kira "palais". Ana ganinsu suna ɗaga ƙarfe, suna fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya, wani kuma ya tuba ya koma kabu-kabu. Macky ba ta wanke su ba, ba ta kuma yanke musu hukunci ba. Ta bar su sun yi magana da bakinsu. Da Hausa ake maganar, Hausar Damagaram tsantsa, saboda haka ba a buƙatar karanta fassarar da ke ƙasan allo. Sai dai akwai batun karuwanci da tabon sara a ciki, ba fim ɗin kallo da yara ba ne.

Mai son tarihi ya nemi "Sarraounia", littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne ta Aznan Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta yi tirjiya ga rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da daga baya ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. A tuna cewa ƙagaggen labari ne: Mamani ya ɗauki abin da baka ta adana ya ƙara masa gishiri. Med Hondo na Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, don haka wanda ya sa ran jin Hausar Arewa a bakin Sarauniya zai ɗan ji ba daɗi.

Daga Kamaru kuwa akwai "Les Impatientes" na Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa, wanda ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Ya fara fitowa a 2017 da wani suna mai ɗauke da kalmar "munyal", wato haƙuri a Fulatanci. Mata uku ne ke ba da labarinsu, Ramla, Hindou da Safira: auren dole, dukan miji, da zaman kishi, kuma duk wadda ta koka sai a ce mata ta yi haƙuri. Gidan Fulani ne, amma babu abin da zai zama baƙo ga Bahaushiya. Wanda ya karanta "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu zai ga marubutan biyu sun taɓo ciwo ɗaya, ɗaya daga Kano da Hausa, ɗaya daga Marwa da Faransanci. Faransancin Amal mai sauƙi ne, ɗalibar sakandare za ta iya gama shi a kwana biyu.

Ta fannin saurare, sashen Hausa na DW yana da wasannin kwaikwayo na "Ji Ka Ƙaru", BBC Hausa kuma tana karanta gajerun labaran gasar "Hikayata" ta mata, wadda aka fara a 2016. Murya ba ta cin kuɗin intanet kamar bidiyo, kuma a gidan da yara suka fi sakin baki da Faransanci, ana iya kunna su a tsakar gida bayan sallar isha'i kowa ya ji.