Gotham: tarihin wani maraya da birnin da ya rene shi

Daga ran 22 ga Satumba 2014 zuwa 25 ga Afrilu 2019, tashar telebijin ta Fox da ke Amurka ta nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Gotham, kashi 100 cif cikin zango 5. Labarin Batman ne, jarumin nan mai shigar jemage wanda alamarsa ta cika riguna da jakunkunan ƴan makarantarmu, har da waɗanda ba su taɓa buɗe shafi guda na littafinsa ba. Abin mamaki, ba a ga Batman da cikakkiyar shigarsa ba sai a daƙiƙun ƙarshe na kashin ƙarshe. Duk tsawon shekarun nan biyar Bruce Wayne yaro ne mai tasowa, kuma wanda aka ɗora wa nauyin labarin wani matashin ɗan sanda ne, James Gordon. In mai karatu yana son gane dalilin da ya sa aka ture jarumi gefe aka jawo ɗan sanda gaba, sai mu koma baya shekara 75.

A watan Yunin 1938 ne Superman ya ɓullo cikin littattafan zane, irin waɗanda Faransawa ke kira bande dessinée, ya kuwa yi kasuwa fiye da zaton masu shi. Kamfanin ya nemi a ƙirƙiro masa wani jarumin. Wani matashi mai zane, Bob Kane, ya zo da hoton mutum sanye da jan kaya, da fikafikai masu ƙarfi, da ɗan ƙyallen rufe ido. Abokinsa Bill Finger, marubuci, shi ya ce a sauya: a ba shi tufafi masu duhu, hula mai kunnuwan jemage, da alkyabba a madadin fikafikai. Shi ne kuma ya raɗa masa suna Bruce Wayne. Labarin farko, mai shafi 6 kacal, ya fito a mujallar Detective Comics lamba ta 27, ta watan Mayun 1939. Sunan mujallar kansa yana nufin zanen labaran masu binciken laifi, kuma daga baƙaƙensa na farko ne kamfanin ya samo sunan DC. Abin lura, a shafin farko na wannan labari Bruce Wayne yana zaune ne yana hira a gidan kwamishinan ƴan sanda, Gordon. Ke nan ɗan sandan nan ya girmi Robin, ya girmi Joker, ya girmi Alfred; sa'an Batman ne, rana ɗaya aka haife su.

Sai bayan wata 6, a lamba ta 33, aka ba da asalin jarumin, cikin shafi 2. Likita Thomas Wayne da matarsa da ɗansu sun fito daga sinima da dare, wani ɓarawo ya tare su yana neman sarƙar wuyan uwar, ya harbe iyayen a kan idon yaron. Yaron ya yi rantsuwa zai ƙarar da rayuwarsa wajen yaƙar masu laifi, ya girma, ya ƙware a ilimi da ƙarfin jiki, wani dare jemage ya faɗo ta taga, ya ɗauke shi alama. Shi ke nan. Ba a faɗi wanda ya riƙe maraya ba, ba a faɗi abin da hukuma ta yi ba, ɓarawon ma ba shi da suna; sai a 1948 aka ce masa Joe Chill. Irin tatsuniyoyinmu ne na dalili, masu bayyana abin da ya sa kura ke ɗingishi: a taƙaice, babu neman ba'asi.

Birnin ma da fari Niyok ne ƙarara. Wajejen ƙarshen 1940 aka sa masa Gotham, sunan da Finger ya ce ya tsinta cikin kundin lambobin tarho, a jikin wani kantin kayan ado. Amma sunan ya daɗe: tun 1807 marubuci Washington Irving ya laƙaba wa Niyok shi don zolaya, ya aro shi daga wani ƙauye na Ingila wanda almara ta ce mutanensa wawaye ne, ko kuwa masu wayon da suke shigar wauta. Amurkar da ta haifi Batman ba ta daɗe da fita daga dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933 ba, wadda ta azurta ƴan daba irin su Al Capone na Cikago, kuma tana cikin raɗaɗin karyewar arziki ta 1929. Batman na farko yana riƙe bindiga, yana kisa, ƴan sanda suna farautarsa. Ba a jima ba masu kamfani suka ƙwace bindigar, suka ba shi yaro mataimaki a 1940, kana a 1941 Gordon ya karɓe shi a matsayin abokin aikin hukuma.

A nan ne nake son mu ɗan dakata, domin abin da ya faru a 1954 shi ne mabuɗin sauran tarihin. A shekarar, wani likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Jamus, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana zargin littattafan zane da lalata tarbiyyar yara. Wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a Niyok ya saurari shaidu. Masu ɗab'i suka tsorata, suka ga gwamma su yi wa kansu linzami kafin gwamnati ta yi musu, suka kafa hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa dole nagari ya rinjayi mugu a kowane labari, kuma ba za a nuna ɗan sanda, ko alƙali, ko ma'aikacin gwamnati ta hanyar da za ta zubar da girman hukuma ba. Mu malamai mun san irin wannan damuwa, ba kuma za mu yi wa iyayen wancan zamani dariya ba. Sai dai dokar ta jefa labarin Batman cikin tsaka mai wuya. In ƴan sanda duka na kirki ne, alƙalai adalai, me ya kai ɗan attajiri yawon dare da rufaffiyar fuska? Da aka hana faɗin amsar, sai aka mai da abin wasa. Batman ya koma faɗa da dodanni daga wasu duniyoyi, kuma a shirin telebijin na 1966 zuwa 1968, wanda Adam West ya fito a ciki, Gordon ya zama dattijon da ba shi da aiki sai ɗaukar jan tarho ya kira jarumi.

Gaskiya ce ta ɓalle linzamin. A 1970 magajin garin Niyok, John Lindsay, ya kafa kwamitin Knapp don binciken cin hanci cikin ƴan sanda, bayan tonon asirin da wani jami'i mai suna Frank Serpico ya yi. An harbi Serpico a fuska cikin Fabrairun 1971 wajen wani samame, ya rayu, ya ba da shaida a ƙarshen shekarar, kuma a 1973 Al Pacino ya fito a matsayinsa cikin fim. A 1971 ɗin aka sassauta ƙa'idar tacewa, aka yarda a nuna gurɓataccen jami'i muddin za a hukunta shi. Daga nan hanya ta buɗe wa Frank Miller da David Mazzucchelli, waɗanda a 1987 suka sake ba da shekarar Batman ta farko cikin Batman: Year One. Rabin littafin na Gordon ne: baƙo ya sauka a birnin da kwamishina da uban ƴan daba, Carmine Falcone, suke cin tuwo a akushi ɗaya, abokan aikinsa suka yi masa dukan kawo wuƙa don ya ƙi karɓar rabonsa. Tsakanin 2002 da 2006 kuma aka yi Gotham Central, jerin littattafai a kan ƴan sandan birnin zalla, masu aiki a inuwar wani da ba su zaɓa ba.

Wannan gado ne Bruno Heller, marubuci ɗan Ingila wanda ya riga ya yi Rome da The Mentalist, ya tarar. An taɓa yin irin yunƙurin da Smallville, wanda ya ba da ƙuruciyar Superman daga 2001 zuwa 2011, amma wancan labarin samartaka ne. Heller ya ɗauki shafin nan 2 na 1939 ya cusa cikin labarin ƴan sanda. Kashin farko ya isa misali. An kashe iyayen Bruce a lungu, wata yarinyar titi, Selina Kyle, tana laɓe tana gani. Gordon, wanda Ben McKenzie ya fito a matsayinsa, ya yi wa yaron alkawarin kamo mai laifi. Nan da nan aka sami wani tsohon mai laifi, Mario Pepper, aka tsinci sarƙar marigayiya a gidansa, aka harbe shi, jaridu suka yi ta yabo. Ashe ɗora masa aka yi, da haɗin bakin ƴan daba da ƴan sanda, don a kwantar wa gari hankali. Falcone da bakinsa ya fahimtar da Gordon cewa sana'arsa ba ta tafiya sai da zaman lafiya da oda. Don a tabbatar Gordon ya shiga sahu, aka kai shi bakin ruwa aka ce ya harbe wani ɗan koren da ya yi tsegumi, Oswald Cobblepot, mai riƙe wa uwargijiyarsa Fish Mooney laima. Gordon ya harba gefen kunnensa, ya tura shi ruwa, ya ce kada ya sake dawowa. Ya dawo. Shi ne Penguin, wanda ya hau kan ƴan dabar birnin, daga baya har ya ci zaɓen magajin gari.

A ganina wannan fage na bakin ruwa ya fi duk abin da ya biyo baya. Tausayin mutumin kirki ne ya raya mugu, kuma da ya kashe shi da shi ma ya zama nasu. Babu mafita mai tsabta. Haka aka bi da sauran: Edward Nygma, wanda zai zama Riddler, ma'aikacin binciken kimiyya ne a cikin ofishin ƴan sanda, ana yi masa ba'a kullum, Selina kuwa ba ta da kowa sai titi. An daɗe ana cewa, har cikin fina-finan Christopher Nolan na 2005 zuwa 2012, bayyanar Batman ce ta jawo mahaukatan masu laifi, kamar yadda zuma ke kiran ƙuda. Gotham ya juya zancen: su suka riga shi, gari ɗaya ya yi naƙudarsu duka, shi ne ma autansu. An kuma ɓatar da zamanin da gangan, ga tsofaffin motoci da keken rubutu, ga salula mai murfi, don kada mai kallo ya ce ai wannan cutar wata shekara ce da ta wuce.

Sai batun renon maraya, wanda 1939 ta tsallake. Alfred na wannan shiri, Sean Pertwee, tsohon soja ne mai kaushin hali. Da wani ɗan makaranta ya ci zarafin marigayiya uwar Bruce, Alfred ya kai yaron har ƙofar gidansu, ya ba shi agogon ubansa ya ɗaura a dunƙulen hannu, ya tsaya yana kallo ana bugu. Duk malamin da ya kalli wannan sai gabansa ya faɗi, kuma ina zaton abin da aka nufa ke nan. Amma a zango na 2, da Bruce ya gano wanda ya harbe iyayensa, wani ɗan kwangilar kisa mai suna Matches Malone, ya je masa da bindiga, ya tarar da gajiyayyen mutum mai roƙon a kashe shi. Ya ajiye bindigar ya fita. Abin da masu kamfani suka hana don tsoron iyaye a 1940, a nan an mai da shi zaɓin yaro.

Ba zan ce shirin ba shi da aibi ba. Daga zango na 2 ya fara sakin layin binciken laifi, aka cika shi da dodanni, da ƙungiyoyin asiri, da matattu masu tashi har mutuwa ta daina ba da tsoro. Tagwayen nan Jerome da Jeremiah Valeska, waɗanda Cameron Monaghan ya yi, an ba su komai na Joker ban da sunan. Kuma da aka ce wata ɓoyayyiyar majalisa ce ke juya birnin, sai laifin ya tashi daga kan jama'a da hukumominsu ya koma kan wasu ƴan tsiraru masu rufe fuska, alhali ƙarfin kashin farko shi ne nuna cewa kowa ya ci nasa rabon. Zango na 5 ya ɗan farfaɗo, inda bayan an karya gadoji gwamnati ta yi watsi da birnin, Gordon da ƴan sanda kaɗan suka tsaya gadin unguwa guda cike da ƴan gudun hijira.

Akwai wani asalin kuma da shirin ya taimaka aka gyara, wanda ba ya cikin labarin. Bob Kane ya ƙulla yarjejeniya da kamfani cewa sunansa kaɗai za a riƙa sawa. Bill Finger, wanda ya rubuta labarin farko, da daren kisan, da sunan birnin, ya rasu a Janairun 1974 cikin talauci, ba a san shi ba sai tsakanin ƴan sana'a. Kane ya amsa cikin littafin tarihin rayuwarsa na 1989 cewa abokinsa ya cancanci a ambace shi, ya kuma rasu a 1998 ba a sauya komai ba. Sai da wani marubuci, Marc Tyler Nobleman, ya bi diddigi, ya gano jikanyar Finger, ya wallafa littafi a kansa a 2012. A watan Satumban 2015 kamfanin DC ya ba da sanarwar amincewa, kuma zango na 2 na Gotham yana cikin ayyukan farko da suka ɗauki sunan Bill Finger kusa da na Kane, shekara 76 bayan fitowar labarin farko, shekara 41 bayan rasuwarsa.