Labarin Shaƙewar Mota da Mai, daga Zamanin Kafireto zuwa na Ƙwaƙwalwar Inji

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, a ƙetaren kogin Kaduna ta kudu. Ba a daɗe ba Fijo 404 da 504 suka cika titunan arewacin birnin, watau wajen ofisoshin Gwamnati, domin a kwanakin nan ita ce motar da Gwamnati ke saya wa ma'aikatanta. Inda mota ta yawaita kuwa, nan makanikai ke taruwa. Da yawa daga cikinsu suka kafa gareji a Tudun Wada da kewayen kasuwar Panteka, suka ƙware a kan injin Fijo har yaron gareji ya san ciwonta da jin ƙararta kawai.

Cikin cututtukan da suka fi kai mota wurinsu akwai shaƙewa da mai. Ga yadda abin yake. Inji ba ya ƙona fetur zalla, sai an gauraya shi da iska, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Kafireto ke wannan gauraye. To, da sanyin safiya, musamman cikin hunturun Disamba da Janairu, fetur ba ya saurin zama tururi, sai direba ya ja cok don ya ƙara mai. In ya yi gaggawa ya dinga tattaka totur, mai ya yi yawa, ya jiƙe fulogi, wuta ta ƙi kamawa. Maganin tsofaffin direbobi shi ne a danne totur har ƙasa, a riƙe, a murɗa makulli, iska ta shiga da yawa ta kore man. In ya faskara, bakanike ya kwance fulogai ya busar da su.

Aka yi zaton in an bar kafireto, aka ba na'ura mai ƙwaƙwalwa aikin auna mai, cutar ta ƙare ke nan. Labarin wata motar Japan ya nuna ba haka nan ba ne.

Asalin injinta daga wani Bajamushe ne, Felix Wankel, wanda aka haifa a 1902. Shi ya ƙi yarda da fistan mai hawa da sauka. Ya ƙago wani ƙarfe mai kusurwa uku wanda ke juyawa cikin gida mai siffar ƙwai da aka ɗan matse tsakiyarsa, yana shan mai, ya matse shi, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi, duk cikin juyi. Injin ya fara tashi a 1957 a masana'antar NSU. Abin mamaki, mutumin nan har ya rasu a 1988 bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba. NSU ta sa injin a motarta Ro 80 a 1967, amma ƙananan ƙarafan da ke toshe bakin kusurwoyin nan suka riƙa cinyewa da wuri, kuɗin sāke wa masu saye injuna ya karya kamfanin, a 1969 Volkswagen ta haɗe shi da Audi.

Mazda ta birnin Hiroshima, wadda ta sayi izinin yin injin a 1961, ita ce ta jure. Ta fito da Cosmo a 1967, da RX-7 a 1978, har motarta ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa a 1991. Sa'an nan a 2003 ta fito da RX-8, ƙaramin inji mai lita 1.3 wanda ke juyi har 9,000 a minti.

Nan tsohuwar cuta ta dawo. Ƙwaƙwalwar motar takan zuba mai da yawa sa'ad da inji ke da sanyi, kamar dai yadda cok ke yi. Mai mota ya tashe ta don ya gusar da ita daga bakin ƙofa, ya kashe kafin ta yi ɗumi, sai man da bai ƙone ba ya kwanta cikin gidan injin. Ya jiƙe fulogi, ya kuma wanke baƙin man da ke taimakon kusurwoyin su riƙe iska. Da matsi ya ragu, ko a yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, ba ta tashi. Mutane da yawa a Amurka da Ingila suka ga an ja sabuwar motarsu zuwa wurin dillali saboda tafiyar da ba ta kai taku ashirin ba.

Gyaran da kamfanin ya yi shi ne abin lura. Ba a kwance inji ba. Dillali ya kan jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar, ya sāke mata umarnin da aka rubuta a ciki, domin ta canja yawan man da take bayarwa wajen tashi. An yi wannan ba sau ɗaya ba. Amma rubutu kaɗai bai wadatar ba, sai da aka haɗa da kik mai saurin juyi da fulogai na dabam, a 2008 kuma aka tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Wannan ya rage kukan jama'a, amma shan mai da yawan hayaƙi suka ci gaba da damun motar. Dokar hayaƙi ta Turai ta hana sayar da ita can daga 2010, aka daina ƙera ta a 2012.

Wani abu guda bai sāke ba. An shirya ƙwaƙwalwar RX-8 yadda in an danne totur har ƙasa ana murɗa makulli, sai ta yanke mai ɗungum har injin ya bushe. Ƙafar direba tana yin abin da ƙafar direban 504 ke yi a Kaduna, ko da yake dalilin ya bambanta.

RX-8 ba motar da aka saba gani a titunan Kaduna ba ce. Sai dai irin gyaranta ya iso garejin birnin tun da motocin Beljiyam masu injekta suka maye gurbin Fijo mai kafireto. Bakaniken da ya yi shekara talatin yana daidaita kafireto da sukudireba da kunne, yau in fitilar inji ta kama, dole ya nemi mai na'urar bincike ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, sau da yawa kuwa yaron da aka haifa bayan shi ya buɗe garejinsa ne, a kuma raba kuɗin aikin da shi.