Daga Tangarahu zuwa Turakun Salula: Nazari kan Shimfiɗar Hanyoyin Sadarwa a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka shimfiɗa hanyoyin sadarwa a Nijeriya daga 1886 zuwa yau. Hujjar da ta kafa ita ce, yawaitar wayar salula ta lulluɓe wani tsohon giɓi ne kawai, wato dogaron ƙasar baki ɗaya kan bakin teku.

Zamanin gidan waya

A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku. Ba don talaka aka ja ta ba. Buƙatar Turawan mulki ce gwamna ya ji daga Ingila, razdan kuma ya ji daga gwamna. Shi ya sa a 1960 layukan tarho 18,724 kacal ƙasar ta gada. Abin da wannan zamani ya bar wa Hausa shi ne kalmomi: har gobe "buga waya" muke cewa, alhali babu abin da ake bugawa.

A 1985 aka haɗe sashen sadarwa na ma'aikatar gidan waya (P&T) da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka samar da NITEL. Shekara 16 bayan haka layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba.

Juyin 2001

Doka ta 75 ta 1992 ce ta kafa hukumar sadarwa ta NCC, amma sai a Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, minti ɗaya naira 50. Tsadar ce ta haifar da sana'ar masu lema a bakin titi: tebur, kujera, waya ɗaya, mai ita na ƙura wa agogon kira ido, mai kira kuwa na sauri ya katse kafin daƙiƙa ta 60 ta wuce. Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, dole sauran suka bi.

Sai dai kamfanonin sun tarar babu abin hawa. NITEL ba shi da ingantacciyar hanyar da za ta ɗauki kira daga gari zuwa gari, wutar lantarki kuma ba tabbas. Kowane kamfani ya kafa turakunsa, ya ajiye janareta a gindin kowace turka, ya ja tasa wayar fayiba. Wannan kuɗi a kan mai sayen kati yake ƙarewa.

Teku da tudu

A ganin wannan nazari, nan gizo ke saƙa. Wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3, sannan Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano a 2022, duk a Legas suka sauka. Kafin intanet ya iso Kano sai ya ratsa kusan kilomita 1,000, jihohi kuma na karɓar kuɗin haƙa ramin waya. An amince da naira 145 a kan mita, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar ninkin-ba-ninkin. Kaduna ta yafe nata a 2020. Masu aikin hanya kuma kullum cikin tsinke wayar suke. Tauraron NigComSat-1, wanda aka sa ran zai rage wannan nisa, an harba shi a 2007, ya mutu a 2008, sai a 2011 aka maye gurbinsa.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka tsinke a teku daura da Kodebuwa, hada-hadar bankuna ta samu cikas har a garuruwan da ba su taɓa ganin teku ba. Turakun ma ba su tsira ba: Boko Haram ta ƙona da dama a 2012, gwamnati ta rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, sannan a Zamfara a Satumban 2021, inda sai mutum ya biya kuɗin mota zuwa wata jiha kafin ya ji muryar ɗan'uwansa.