Kakaki da Ɗan'uwansa na Turai

Ya ku 'yan makaranta, duk wanda ya taɓa barin fadamun Kura ko Bunkure ya tafi Kano kallon hawan Salla, lalle ya ji kakaki. Watakila kuma ya taɓa ganin 'yan badujala, ɗayansu riƙe da wani ƙaho na tagulla, yana tura shi yana janyowa. Sunansa turambon, watau babban ƙaho da bakin mutanen Italiya. Mun ji yara suna cewa wai shi ne na zamani, kakaki kuwa kayan da ne. To, bari mu duba.

Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano. Cikin wannan ƙarni ne kuma maƙeran Turai suka lanƙwasa dogon ƙahonsu, suka zura wani bututu cikin wani, ya zama turambon. Ashe tsara ne.

Ga inda suka rabu. In bututu ya yi tsawo sai murya ta yi kauri, in ya gajarta ta sirance. Mai turambon yana da wuri bakwai na tsai da hannunsa, saboda haka kowace murya ya nema sai ya samu. Kakaki tsawonsa ba ya sakewa, muryoyinsa kaɗan ne. Amma fa Hausa harshe ne mai hawa da sauka, don haka da 'yan muryoyin nan mabushi ke yi wa sarki kirari, mai kunne ya gane.

Turawa sun rubuta nasu. Kiɗan da Beethoven ya fitar a 1808, wanda ya sa turambon a ciki, har yau ana koyonsa daga takarda. Namu kuwa gado ne, ɗa ya ɗauka daga bakin uba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, rani ya zama lokacin alkama da tumatir a wajenmu, yaro ba shi da sukunin zama gaban tsoho.

Saboda haka muna roƙonku, in an ba da hutu, ku nemi tsofaffin mabusa, na kakaki ko na algaita, ku gaishe su da ladabi, ku rubuta abin da kowace busa ke cewa. Allah ya ba da iko, amin.