Saurin Intanet na Gida Tsakanin Talla da Zahiri: Nazarin Kwatanci kan Lokacin Cunkoso da Haƙƙin Mai Saye

Tsakure

Wannan maƙala ta duba giɓin da ke tsakanin saurin intanet da kamfanoni ke tallatawa da wanda ke isa gidan mai saye. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa yana ɗora alhakin giɓin a kan na'urorin gida da katangar ɗaki. Bayan kwatanta dokoki da rahotannin hukumomi a Amurka da Birtaniya da Ostareliya da Jamus, binciken ya gano cewa giɓin yana raguwa ne a inda aka wajabta auna sauri da dare, lokacin da jama'a suka yi wa layi yawa, aka kuma ɗaure talla da wannan awo. Maƙalar ta kawo shawarar yadda za a amfana da darasin a Najeriya.

Gabatarwa

Magidanci ya biya kuɗin wata a kan an yi masa alkawarin megabit 20 a sakan. Da wannan sauri, fayil mai nauyin gigabayit ɗaya zai sauka cikin minti bakwai ba kaɗan. In saurin ya faɗi zuwa megabit 5, sai ya jira kusan minti 27, alhali kuɗin da ya biya bai ragu da kobo ba. Ɗalibi mai ɗaukar darasi ta bidiyo, da ɗan kasuwa mai jiran shigar kuɗi, da mai aiki daga gida, duk su ne ke ɗaukar wannan asara.

Batun ya ƙara nauyi a Najeriya tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari. Wanda aka ƙara wa kuɗi yana da haƙƙin tambayar abin da aka sayar masa. Tambayar binciken ita ce: wa ke da iko a kan giɓin, kuma wane mataki ne aka ga ya rage shi a aikace?

Waiwaye kan Ayyukan da Suka Gabata

Bauer da Clark da Lehr, a nazarinsu na 2010 a jami'ar MIT, sun nuna cewa manhajojin auna sauri ba sa ba da amsa iri ɗaya, kuma sau da yawa tsaikon yana cikin kwamfutar mai saye ne ko hanyar sadarwar gidansa. Sundaresan da Feamster da Teixeira sun bi wannan zare a 2016 da awo a gidaje fiye da dubu biyu a Amurka, suka gano cewa Wi-Fi ne ya fi zama cikas, musamman idan layin kamfani ya haura megabit 20.

Babu mai musun gaskiyar da ke cikin wannan. Zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, don haka maƙwabta suna danne wa juna sigina. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri, amma ba ya ratsa bangon siminti da kyau. Akwatin Wi-Fi da aka cusa a bayan talabijin, a ƙuryar falo, ba zai wadatar da ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida ba. Tsohuwar kwamfuta mai ramin waya na megabit 100 ba za ta wuce 100 ba ko da layin ya kai 500. Akwai kuma ruɗanin awo: kamfani yana lissafi da bit, manhajar saukar da fayil tana nuna bayit, kuma bit takwas ne bayit ɗaya, ta yadda megabit 20 kan bayyana a matsayin megabayit 2.5.

Inda wannan maƙala ta sha bamban shi ne yadda aka mayar da waɗannan nazarce-nazarcen garkuwa. Duk mai ƙorafi, amsar da ya saba ji ita ce ya kashe akwatin ya kunna, ko ya matso kusa da shi. Amma sharaɗin da ke cikin binciken 2016 ba a faɗarsa: Wi-Fi ya fi zama cikas ne a gidajen da layinsu ke da sauri tun asali. Gidan da ke samun megabit 4 daga turken sadarwa ba ya cikin wannan rukuni. Sannan bangon ɗaki ba ya ƙara kauri bayan sallar isha'i. Idan waya ɗaya, a wuri ɗaya, ta nuna megabit 18 da hantsi ta koma 3 da ƙarfe tara na dare, to a nemi dalili a wajen gidan. Ci gaba da zargin na'urar gida a irin wannan hali barin jaki ne ana dukan taiki.

Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatanci. An zaɓi ƙasashe huɗu da suka ɗauki mataki a rubuce tsakanin 2011 da 2024, aka yi wa kowace tambaya uku: yaushe ake auna sauri, wace lamba aka yarda a tallata, kuma me mai saye ke samu idan aka gaza.

Sakamakon Bincike

Tushen giɓin yana cikin yadda aka gina hanyar sadarwa. Layin da ke shiga gida ba na gidan kaɗai ba ne. A tsarin fayiba na GPON, zare ɗaya mai ɗaukar kusan megabit 2,500 ake raba wa gidaje 32 ko 64. In gidaje 32 suka ja a lokaci guda, kowa zai samu kimanin 78; in 64 ne, kimanin 39. A tsarin 4G da 5G kuwa, duk wayoyi da akwatunan da ke ƙarƙashin turke ɗaya ne ke rabon abin da turken ke iya fitarwa. Kamar famfon unguwa ne: da tsakar dare ruwa na zuwa da ƙarfi, da kowa ya buɗe nasa sai ya koma ɗigo. Rabon kansa ba aibi ba ne, domin shi ke sa farashi ya yi sauƙi. Abin lura shi ne yawan mutanen da za a ɗora wa layi ɗaya, da girman hanyar da za a saya a bayansa, shawara ce da kamfani ke yankewa a ofishinsa. Mai saye ba ya ganinta, ba a kuma rubuta ta a talla.

Amurka ta ba da shaida mafi ƙarfi. A 2011 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta fara sanya akwatunan awo a gidajen masu sa kai, a haɗe da layi ta waya, don kada Wi-Fi ya shiga lissafi. Rahoton farko ya nuna cewa tsakanin ƙarfe 7 zuwa 11 na dare kamfanoni na ba da kashi 87 cikin ɗari na saurin da suka tallata. A rahoton 2012 adadin ya kai 96. Kamfanin Cablevision, wanda ya tsaya a kashi 54 a shekarar farko, ya kai 120 a ta biyu. Gidajen ba su sake gini ba a cikin wata goma sha biyu. Abin da ya sauya shi ne an buga sunan kowane kamfani kusa da lambarsa, sai kamfanin ya faɗaɗa hanyarsa.

Birtaniya ta kama batun ta wajen talla. Kafin 2018, kamfani na iya rubuta “har zuwa” wata lamba muddin kashi 10 cikin ɗari na abokan cinikinsa suna samunta, wato tara cikin goma za su iya rasa ta ba a karya doka ba. Daga watan Mayun 2018, hukumar kula da tallace-tallace ta wajabta a tallata matsakaicin saurin da aƙalla rabin masu saye ke samu tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Nan take tsare-tsaren da ake kira na megabit 17 suka koma na 10 ko 11, alhali wayar ita ce dai ta jiya. A watan Maris na 2019 kuma ƙa'idar hukumar sadarwar ƙasar, Ofcom, ta tanadi cewa kamfanonin da suka sa mata hannu za su faɗa wa mai saye mafi ƙarancin saurin da suka lamunce masa, in suka gaza gyarawa cikin kwana 30 ya fice ba tare da tara ba.

A Ostareliya, kamfanoni sun riƙa sayen ƙaramar hanya daga NBN, mai babban layin ƙasar, suna sayar da manyan tsare-tsare a kanta. Hukumar kare masu saye ta ƙasar, ACCC, ta nemi a riƙa bayyana saurin da aka saba samu daga ƙarfe 7 zuwa 11 na dare. A 2017 kamfanin Telstra ya amince ya biya kimanin mutum 42,000 diyya saboda an sayar musu da saurin da layukansu ba za su iya ɗauka ba, a 2022 kuma kotun tarayya ta ci Telstra da Optus da TPG tarar dalar Ostareliya miliyan 33.5 a jimlace kan yaudarar masu saye game da sauri.

Jamus ta miƙa wa mai saye makamin a hannunsa. Tun 1 ga Disamban 2021 doka ta ba shi damar rage kuɗin wata ko soke yarjejeniya, idan ya yi awo 30 a kwana uku daban-daban cikin mako biyu da manhajar hukuma, sakamakon ya nuna gazawa. Tsarin yana da ƙarfi a gaban shari'a, sai dai ya ɗora wa mai saye wahalar da ba kowa zai jure ba. Daga cikin huɗun, shi ne mafi ƙarancin dacewa da ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa.

Abin da ya haɗa ƙasashe ukun farko a fili yake: dukkansu sun tsayar da agogon awo a kan sa'o'in dare. Awon da aka yi da rana, ko aka gauraya sa'o'i 24 aka fitar da matsakaici, yana ɓoye daidai lokacin da iyali ke gida suna buƙatar layin.

Darasi ga Najeriya

Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane da 10 a karkara. Matsalolin da ke gaban kamfanoni na gaske ne. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, a Legas suke sauka, sai a ja fayiba kusan kilomita dubu kafin a kai Kano, ana fama da masu aikin hanya da ke tsinke ta da kuɗin man janareta a kowane turke. Tsinkewar wayoyin teku a gaɓar Kwaddibuwa ranar 14 ga Maris 2024 ta nuna raunin hanyar. Amma waɗannan dalilai ne na ƙarancin sauri, ba hujjar tallata saurin da babu shi ba. Kamfanin da ya san turkensa ya cika da dare ya san lambar da ya kamata ya rubuta.

Iyakokin Bincike

Za a iya cewa binciken bai yi awo a gidajen Najeriya ba, kuma ƙasashen da aka kwatanta sun dogara ne da layin waya, yayin da yawancin gidajenmu ke kan 4G da 5G, inda sauri ke sauyawa daga lungu zuwa lungu. Haka ne. Sai dai wannan bambanci bai rushe sakamakon ba, domin cunkoson dare ya fi tsanani a kan turke fiye da kan waya.

Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawara uku. Na farko, NCC ta riƙa auna saurin intanet na gida tsakanin ƙarfe 7 zuwa 11 na dare, ta buga sakamakon da sunan kamfani da sunan gari, domin matsakaicin ƙasa baki ɗaya yana ɓoye halin Gusau a bayan na Legas. Na biyu, kada a yarda a tallata wata lamba sai wadda rabin masu saye ke samu a waɗannan sa'o'i. Na uku, NCC da hukumar kare masu saye ta FCCPC su tanadi ragin kuɗi ko damar ficewa ga wanda aka gaza wa, kuma nauyin kawo hujja ya hau kan kamfani, tun da shi ke riƙe da bayanan layinsa. Ba ɗaya daga cikin ukun da ke jiran a shimfiɗa sabuwar waya. Aikin da ya rage wa masu bincike a jami'o'inmu shi ne su shiga unguwanni da na'urar awo, su fitar da lambobin dare na kowane gari.