Kura: Daga Rini Zuwa Shinkafa

Idan mutum ya fita daga birnin Kano ya bi hanyar Zariya, tafiyar kamar mil 20 za ta kai shi ƙasar Kura. Yanzu an fi sanin wannan ƙasa da shinkafa da tumatir. Amma tun kafin a haƙa magudanar ruwa ko ɗaya a wurin, sunan Kura ya riga ya kai Agadas, har ya ratsa hamada. Abin da ya kai shi can kuwa rini ne.

A ƙarni na 19 Kura na cikin manyan garuruwan marina na ƙasar Kano. Marinanta sukan haƙa rami mai zurfi, su dalaye shi da laso, su zuba baba da toka da ruwa, su yi ta motsawa har ya nuna. Ramin laso ya fi tukunyar ƙasa ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, don haka aka iya rina tufa da yawa da kuɗi kaɗan. Wani Bature mutumin Jamus, Heinrich Barth, ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke sayarwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara.

Babban kayan Kura shi ne turkuɗi, da rawanin nan baƙi mai walƙiya wanda har yau ake kira ɗan Kura. Dubi hannu nawa yake bi. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Maɗinki ya harhaɗa. Marini ya tsoma ya sake tsomawa har ya yi baƙi wuluk. Sa'an nan masu bugu su ɗora shi bisa gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli. A ƙarshe a naɗe shi cikin takarda don kada ƙyallin ya dushe a hanya.

To, wa ke haɗa waɗannan mutane duka? Maigida ne, watau attajirin da ya sa jarinsa. Shi ke sayen fari, shi ke biyan ladan kowane mai sana'a, shi ne kuma ya san abin da Buzaye ke so. Gama Buzu ba ya ƙin rawanin da ke zuba masa shuni a fuska, shi ma yake nema, kuma yakan biya shi da tsada. Auduga kowa na nomawa, saƙa kuma ko'ina ana yi. Ribar Kura a wajen gyara take, da sanin mai saye.

Daga baya kasuwa ta ja baya. Atamfa da bulan Turawa suka shigo da araha, farin 1973 kuma ya hallaka dabbobin Buzaye masu yawa, ya rage musu abin saye.

Cikin waɗannan shekaru ne Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga. Aka gama madatsar cikin 1974. Ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da inji ba, yana rarrabuwa cikin gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Cikin 1976 aka kafa Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Gwamnati alkama ta fi sa wa ido, har cikin 1987 aka hana shigo da ita daga waje, ko da yake hanin bai daɗe ba. Manoma dai suka yi nasu lissafin: shinkafa da damina, tumatir da albasa da masara da rani.

A nan ne tsohuwar dabara ta sake fitowa. Mutanen Kura ba su tsaya ga sayar da shanshera ba. Mata suka kama aikin turara ta a tukwane da shanya ta, maza suka kafa ƙananan injunan casa, dillalai suka ɗauki auna da neman mai saye. Har ta kai ana kawo shanshera daga waɗansu jihohi a gyara ta a Kura, kamar yadda dā ake kawo fari a rina. Mace mai tukunya ɗaya, in ta iya wuta ta kuma riƙe alkawari, jarinta yakan haɓaka.

Tumatir bai sami wannan gata ba. Yakan nuna gaba ɗaya, a cika kasuwar Kwanar Gafan da kwanduna, farashi ya faɗi, abin da motocin Legas ba su kwasa ba ya ruɓe. Cikin 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa, wadda aka gina don ta ci tan 1,200 a rana. A shekarar nan tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonaki, aka rufe. An sake buɗewa cikin 2019, amma tumatirin da ta samu bai kai abin da take bukata ba, gama duk ranar da kasuwa ta fi masana'anta tsada, kasuwa manomi yake nufa. Ba a ga laifinsa ba, iyali gare shi. A ganina injin ya riga amana zuwa: maigidan marina ya san kowane mai bugu da sunansa kafin ya sa jari.

Waɗansu manoma kuwa ba su jira kowa ba. In kwando ya yi arha sai su sa wuƙa su yanka tumatirin, su shanya shi a rana ya zama kauɗa, su ɗura a buhu, su ajiye sai damina ta faɗi, lokacin da ɗanye ya yi wuya.