Tekun da Ya Kwana a Ƙarƙashin Wurno

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana haƙa a Wurno ko Rabah ya ga yadda ƙasar da guga ke fitarwa take sauya kama: yanzu rairayi mai laushi kamar garin tuwo, an jima laka mai danƙo. Mahaƙi ya san kowane hawa da bakin digarsa. Abin da bai cika jin labarinsa ba shi ne teku ne ya jera su.

Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya malalo cikin babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, sunan da suka aro daga wata ƙabilar Buzaye. A gaɓarsa rairayin Taloka, kusa da Goronyo, ya kwanta. Da ruwan ya ƙaru sai lakar Dukamaje ta hau kai, cike da ƙasusuwan kifi da na kada. Da ya ja baya kuma ya bar rairayin Wurno. Hawa ukun nan su ake kira Rukunin Rima. Daga baya tekun ya sake dawowa, ya ajiye lakar Dange da farin dutsen Kalambaina, wanda yau ake ƙonawa a yi siminti a Sakkwato.

Ƙasusuwan Dukamaje ne suka tona asirin. A 1930 Swinton, wani masani a Landan, ya bayyana ragowar wani ƙaton ƙadangaren ruwa daga lardin Sakkwato. A 1972 masana 'yan Italiya, ƙarƙashin Azzaroli, suka raɗa masa Goronyosaurus. Goronyo, garin albasa, ya shiga littattafan duniya ta hanyar dabbar da babu Bagoronye ko ɗaya da ya taɓa gani.

Sai dai kada a haɗa wannan rairayi da na can ƙasan teku mai zurfi. Shi wancan zaftarewa yake yi daga gangaren teku, ya dama ruwa ya gangaro da gudu. Idan ya lafa, tsakuwa da yashi mai kauri su fara zama, mai laushi ya biyo, laka ta rufe, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan ƙwarya. Wani masani, Arnold Bouma, ya tsara wannan jeri a 1962, kuma cikin irin wannan yashi ake haƙo mai a filin Bonga da ke tekun Najeriya tun 2005, a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000. Na Wurno a bakin gaɓa ya taru, inda ruwa ke cikowa yana janyewa.

Arzikin wannan rairayi ruwa ne. Rairayin Rima na riƙe shi, inda lakar Dange ta hau kansa kuwa ta zame masa murfi. Laushinsa ne kawai ke wahalar da masu haƙa burtsatse, don idan matatar bututu ba ta dace ba, yashin kan biyo ruwan har cikin bokiti.